Wa Ke Ba da Labarin Ɗan Daba? Matashi, Talauci da Rashin Iyaye a Ƙagaggun Labarai

Dogo-Dogo ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudancin jihar Damagaram, dab da iyakar Nijar da jihar Jigawa ta Nijeriya. A da tana cikin gundumar Magarya, har zuwa 2011 da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma, ta koma ƙarƙashinta. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, mai yawan jama'a, inda gonar da kaka ya noma shi kaɗai a yau jikoki barkatai ke rabon ta. Da zarar an kai amfanin gona rumbu, sai garuruwan yankin su shiga sallamar mazajensu: magidanta da samari su tafi cin rani Kano ko Legas ko Agadas ko Libiya, yara ƙanana kuma su rataya allo su bi malam. Wasu su komo da faɗuwar ruwan farko, wasu sai bayan shekaru, wasu kuwa sai dai labari. Duk mai son ya auna littattafan da ke magana a kan matasa da talauci da daba, a irin wannan gari ya kamata ya kafa ma'auninsa, domin a nan labarin yake farawa, ko da yake marubuta sun fi tsintar sa daga tsakiya, bayan yaro ya riga ya isa birni, ya sami laƙabi, ya soke wuƙa a ƙugu.

Tambaya ɗaya ce za a ɗora wa littattafan da za a duba a nan: idan aka tashi ba da labarin yaron da ya taso babu uba a kansa, ya faɗa hannun abokan titi, da bakin wa ake ba da shi? Adabin Hausa ya daɗe da sanin ɗan da ya kangare, tun daga littattafan farko na boko. Sai dai kusan kullum wani babba ne ke riƙe da zaren labarin, yaron kuwa yana tsaye kamar wanda aka gurfanar gaban alƙali, ana karanta masa laifinsa ba tare da an nemi jin ta bakinsa ba. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne a ƙasa irin Nijar, wadda kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba.

Hukunci tun daga bangon littafi

Sunayen littattafan kaɗai sun isa shaida. Jiki Magayi, Kitsen Rogo, Ƙarshen Alewa Ƙasa, Alhaki Kuykuyo Ne: dukkansu karin magana ne, karin magana kuwa harshen manya ne, da shi dattijo ke rufe zance idan ya gama yi wa yaro faɗa. Wato tun kafin a buɗe shafin farko an riga an yanke hukunci, abin da ya rage wa mai karatu shi ne ya ga yadda za a zartar da shi.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga Zariya bayan gasar rubutu ta 1933, shi ne ya fara shigo da kangararren matashi cikin ƙagaggen labarin Hausa. Kyauta ɗan attajiri ne, Malam Shehu, wanda ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainab, budurwar Abubakar. Abubakar ya sha wuya ya nemo asirin ramuwa, asirin ya sauka a kan yaron, ya tashi ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa bai sani ba. Akwai gaskiya a cikin wannan tsari, domin ya nuna cewa laifin manya a kan yara yake ƙarewa. Amma Kyauta makami ne kawai a rigimar magidanta biyu. Sammu ne ya sa shi sata, saboda haka babu buƙatar a shiga zuciyarsa a ga yadda yaro ke yanke shawarar miƙa hannu ga abin da ba nasa ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a wannan jeri, ya kawo ɗaya gefen. Umar maraya ne, an sace shi yana ƙarami, an raba shi da mahaifiyarsa, wadda ta bi sawunsa har ta faɗa bauta. A nan tauraron da kansa yake ba da labari, sai dai yana ba da shi ne bayan ya tsufa, ya zama shaihin malami kewaye da almajirai. Muryar wanda ya riga ya haye kogi ce, yana nuna wa na baya mashigi. Daga waɗannan littattafai biyu adabin ya gaji tubali biyu da ya daɗe yana gini da su: maraya nagari wanda haƙuri da ilimi suka cece shi, da ɗa kangararre wanda ya zama izina. Yaron da ke tsakanin biyun, wanda da safe yake ɗebo wa uwarsa ruwa, da dare kuma yake tsaron hanya wa masu fasa shago, bai sami gurbi ba.

A ƙarshen shekarun 1970 sai birni ya maye gurbin sammu. A Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, saurayi ya bar ƙauye ya nufi birni da zaton daula, ya ƙare cikin miyagun abokai da aikata laifi. A daidai wannan lokaci, a Nijar, Mahamadou Halilou Sabbo ya fitar da Abboki ou l'appel de la côte a 1978, cikin Faransanci, a kan samarin da ke barin gida su nufi ƙasashen gaɓar teku. Darasin littattafan biyu ya yi kusa da juna: abin da ake hange a nesa ruɗi ne, zaman gida ya fi. Nasiha ce mai kyau ga wanda yake da gonar da zai komawa. Ga ɗan Dogo-Dogo wanda kasonsa na gado bai ciyar da gida wata shida, a ƙasar da ta ga farin 1973 da na 1984 da yunwar 2005, tafiya ba kwaɗayi ba ce, dabara ce ta rage bakuna a kan rumbu. Littafin da ya ɗauki tafiyar a matsayin laifin farko ya riga ya kuskure dalilinta.

Littattafan da aka buga a 1982 bayan gasar da sashen al'adu na gwamnatin tarayyar Nijeriya ya shirya sun fi na baya ƙarfin hali. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya buɗe ƙofar duniyar makamai da ƙwaya da ta biyo bayan yaƙin basasa, bai kuma rufe wa mai karatu ido ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona yadda attajirin ɗan fasa-ƙwauri ke saye ma'aikatan hukuma. Duk da haka taurarinsu manya ne. Yaran da ke ɗaukar kaya su ƙetara iyaka cikin dare, waɗanda su ne ake harbi ko a kama, a bayan fage suke. A kan iyaka irin ta Dungas da Maigatari kuwa, inda aka daɗe ana ganin samari a kan babura ɗaure da jarkokin man fetur ɗin da ake kira ruwa-ruwa, waɗannan na bayan fagen su ne masu labarin.

Uban da yake raye amma babu shi

Adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, shi ne adabin matasa na haƙiƙa a ƙasar Hausa, domin 'yan makaranta da amare ne suka riƙe shi, suna saye, suna haya, suna musanye, har ya ƙetara zuwa Maraɗi da Damagaram. Jigonsa mafi rinjaye soyayya ne da zaman aure, talaucin saurayi kuma yakan shigo ne a matsayin shingen da ke tsakaninsa da budurwa, kamar yadda yake a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Amma a cikin wannan adabi ne aka sami littafin da ya fi kowanne kusantar gaskiyar rashin uba. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, Rabi ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. Uban yana raye, yana cikin gari, yana da shago a kasuwa, amma babu shi. Marubuciyar ta san farashin kowace tukunya da aka ɗora a gidan nan, wannan sani kuwa shi ne ƙarfin littafin.

Sai dai idon labarin yana kan Rabi da 'yarta Saudatu, mafitar gidan kuma ta zo ta hanyar auren attajiri mai kirki. Tambayar da littafin ya bari a buɗe ita ce ta 'ya'ya maza na irin wannan gida idan babu surukin da zai share hawaye: ina suke kwana idan ɗaki ya yi kaɗan, wa ke ba su kuɗin karin kumallo, wa suke kira idan an doke su a waje? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ƙofar daba, kuma a bakin wannan ƙofa yawancin littattafan Hausa suke tsayawa.

Fada da pale

Abin da ke bayan ƙofar ba ɓoyayye ba ne. Kano tana da 'yan daba, waɗanda tarihinsu ya haɗa da ƙungiyoyin farauta da 'yan tauri da bangar siyasa ta zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950. Katsina tana da ƙauraye, Bauci 'yan sara-suka, Gwambe 'yan kalare. A Damagaram kuwa akwai abin da ake kira pale. Samarin Nijar sun daɗe da al'adar fada, wato majalisar shan shayi da hira a bakin titi, wadda Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019, tana nuna yadda marasa aikin yi ke mayar da zaman jira ya zama zumunci mai dokoki da muƙamai. Pale ita ce fadar da ta ɗauki makami. Kalmar daga Faransanci take, ma'anarta kuma fadar sarki, wato dai ma'anarta ɗaya da fada. Wannan abin lura ne ga duk marubuci: yaran da ba su da ɗakin kwana sun raɗa wa rumfarsu sunan gidan sarauta, da shugaba, da mataimaka, da ladabin shiga da fita. Abin da suka gina kwaikwayon gida ne, da uba a samansa.

A ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙona coci-coci a Damagaram, an kuma ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar mai ɗauke da ɗakin karatu. An yi ta nuna 'yan pale da yatsa, aka yi ta rubuta rahotanni a kansu. Amma wadda ta zauna ta saurare su ita ce Aïcha Macky, 'yar garin, a fim ɗinta na gaskiya mai suna Zinder, wanda ya fito a 2021. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi, ta bar mutanenta suka yi magana da Hausarsu. Akwai masu ɗaga ƙarfe da suka sa wa ƙungiyarsu sunan Hitila, a zatonsu sunan wani jarumi ne da ba a cin galabarsa, suna fasa dutse suna mafarkin kafa kamfanin tsaro. Akwai tsohon shugaban pale da ya koma ɗan kabu-kabu, abin da ya aikata a baya, har da wanda ya yi wa mata, yana hana shi barci. Akwai mai safarar ruwa-ruwa daga iyaka. Fim ɗin bai wanke kowa ba, bai kuma yi wa kowa wa'azi ba, ya dai tsaya a kan tabon sara da ke jikinsu har mai kallo ya gane cewa kowane tabo yana da ranarsa da dalilinsa.

Duk da haka fim yana da iyaka. Mutanen Macky manya ne masu waiwaye, kyamara kuma tabo take iya nunawa, ba ta iya shiga kan yaro ɗan shekara goma sha huɗu a daren da aka fara miƙa masa adda. Wannan aikin ƙagaggen labari ne.

Lokacin da yaro ya ce “ni”

A Amurka, littafin da ake yawan ɗauka a matsayin mafarin adabin matasa na zamani shi ne The Outsiders na S. E. Hinton, wanda ya fito a 1967. Marubuciyar ta fara shi tana 'yar makarantar sakandare a garin Tulsa. Mai ba da labarin, Ponyboy, ɗan shekara goma sha huɗu ne, iyayensa sun mutu a haɗarin mota, wansa ɗan shekara ashirin ya haƙura da karatu yana aikin ƙarfi don kada hukuma ta raba su. Ƙungiyarsu ta 'ya'yan talakawa tana faɗa da ta 'ya'yan masu hali, har aka yi kisa. Abin da ya sa littafin ya rayu fiye da shekara hamsin shi ne babu babban da ya tsaya tsakanin yaron da mai karatu. A ƙarshe ma sai a tarar labarin gaba ɗaya aikin gida ne da yaron ya rubuta wa malaminsa. Tun kafin wannan, a Barazil, Jorge Amado ya rubuta Capitães da Areia a 1937 a kan gungun yaran titi na birnin Salbado, hukuma ta ƙona kwafe-kwafensa a bainar jama'a. A Kenya, Meja Mwangi ya fitar da Kill Me Quick a 1973, labarin samari biyu masu takardar sakandare da suka ƙare a bayan kwandunan shara na Nairobi. A Kano ma, Mohammed Sule ya rubuta The Undesirable Element da The Delinquent a jerin Pacesetters na Macmillan a ƙarshen shekarun 1970, ko da yake sunayen nasa biyu, wato wanda jama'a ba ta so da kuma kangararre, kalmomin alƙali ne.

Littafin da ya ba yaron ƙasar Hausa baki sosai shi ne Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda ya fito a 2015. Sunan littafin ma fassarar sunan yaron ne, Ɗantala. Mahaifinsa ya kai shi almajirci Bayan Layi, ya gama karatu bai koma gida ba, ya zauna da yaran da ke kwana ƙarƙashin kuka suna shan wiwi, ƙarƙashin jagorancin Banda. Lokacin zaɓen 2003 'yan siyasa suka ba su kuɗi, suka ƙona ofishin abokan hamayya, aka harbe Banda, Ɗantala ya tsere Sakkwato. Da ya leƙa ƙauyensu ya tarar ambaliya ta ci ƙannensa mata, uwarsa ta daina magana. Ƙarfin babin farko yana cikin yadda yaron ke faɗin mugun abu da muryar da yake faɗin abin yau da kullum, domin a wurinsa duk ɗaya ne, kuma yana ƙaunar Banda ƙauna ta gaskiya, saboda shi ne mutum na farko da ya taɓa tsaya masa. Mai karatu ba ya samun damar tsayawa nesa ya yi tir. Dole ya ga cewa da shi ne a ƙarƙashin kukar nan, da wuya ya ƙi karɓar kuɗin.

Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda shi ma ya fito a 2015 ya kuma ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, ya bi wata hanyar. Reza, shugaban matattarar San Siro, ya haura shekara ashirin, amma raunin da ke tafiyar da shi na ƙuruciya ne: uwar da ta tafi Saudiyya ta bar shi. Hajiya Binta kuma, bazawara mai shekara hamsin da biyar, tana ganin ɗanta na fari a fuskarsa, ɗan da kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunansa ko nuna masa ƙauna har ya mutu. A nan marubucin ya taɓo wani irin rashin iyaye da ba a cika ambata ba, wato na uwar da ke cikin gida amma al'ada ta ɗaure mata harshe. Ya kuma nuna sanatan da ke ciyar da daba don ranar zaɓe, ya yar da ita idan ta zama kaya.

Littattafan biyu suna da abin zargi. Na Elnathan John, bayan babi na farko, ya karkata ga rikicin aƙida da tayar da ƙayar baya, abin da masu karatu na waje suka fi son ji game da arewacin Nijeriya, har ya ƙarfafa zaton da ake yi cewa kowane almajiri ɗan daba ne mai jiran lokaci. Binciken Hannah Hoechner a Kano, wanda ya fito a littafi a 2018, ya ƙalubalanci wannan zato, sanannen abu ne kuma cewa daba a Kano al'amarin 'ya'yan unguwa ne haifaffun birni. Na Abubakar Adam Ibrahim kuwa ya jingina lalacewar Reza a kan uwa fiye da kima, kamar dai da ta zauna da komai ya daidaita. Amma babban abin da ya raba su da yaron Dogo-Dogo shi ne harshe. Da Ingilishi aka rubuta su, an fassara su zuwa Faransanci a 2018, don manya masu ilimin boko. Ɗantala ya sami baki, sai dai da harshen da takwarorinsa ba sa ji yake magana.

Abin da littafin Dogo-Dogo zai sani

Marubucin da zai rubuta wa matasan wannan yanki dole ya fara da sanin cewa rashin iyaye iri-iri ne, kuma mafi yawansa ba mugunta ce ta haife shi ba. Akwai uban da ya tafi cin rani, yana aiko da abin da ya samu ta hannun direba ko ta waya, har ranar da aiken ya yanke. Akwai wanda ya miƙa ɗansa ga malam da niyya biyu a zuciya, neman albarkar karatu da rage cin hatsi, shi kansa ba zai iya raba su ba. Akwai uwar da aka saka, ta yi wani aure, ta bar yaro a hannun kishiya ko kaka. Akwai kuma uwar da ita ce ta tafi. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, akasarinsu daga kudancin jihar Damagaram, musamman yankin Kance. Iyayen nan ba gudun 'ya'yansu suka yi ba, da yawa ma da 'ya'yan a goye suka mutu. Labarin da zai zana irin wannan uwa a matsayin marar imani ya yi ƙarya, wanda kuma zai ɓoye fushin ɗan da ta bari a gida shi ma ya yi ƙarya. Yaro yana iya sanin dalilin tafiyar uwarsa sarai, ya kuma ƙi yafe mata. A wannan tsaka mai wuya adabi yake samun abin faɗa.

Abu na biyu, dole ya san cewa mafi yawan yaran da ke fita daga karkara ba sa shiga daba. Suna ga-ruwa, suna yankan farce, suna wankin takalmi, suna tura baro a kasuwa, sau da yawa ma su ne 'yan daba ke ƙwace wa cinikin yini. Saboda haka labarin gaskiya yana kan siririn layin da ke tsakanin yara biyu da suka fito gari ɗaya a mota ɗaya, ɗaya ya ƙare da tulun shayi, ɗaya da gora. Bambancin yakan zama ƙaramin abu: wanda ya fara ba shi wurin kwana, ko bashin da ya kasa biya, ko marin da aka yi masa a gaban jama'a babu mai rama masa.

Abu na uku, dole ya yarda cewa daba tana bayar da wani abu, in ba haka ba babu mai shigarta. Tana ba da abinci, da suna, da kariya, da wanda zai zo asibiti ko ofishin 'yan sanda idan abu ya faru. Littafin da ya ɓoye wannan don tsoron kada a ce yana tallata ɓarna, matashi zai gane ƙaryarsa tun a shafi na uku ya ajiye. Sai an nuna zaƙin sannan ɗacin zai yi ma'ana: cewa uban daba yana karɓar ladansa da jini, kuma ranar da aka kama yaro, wanda ya aike shi ba ya amsa waya.

Tsoron da ke hana rubutu

Akwai dalilin da ya sa irin wannan littafi yake da wuyar samu da Hausa. Marubuta suna aiki ƙarƙashin zargin cewa nuna abu koyar da shi ne. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya, a 2021 kuma hukumar tace fina-finai ta jihar ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Damuwar iyaye gaskiya ce, domin akwai ayyukan da ke mayar da ɗan daba gwarzo don neman kasuwa. Amma maganin wannan shi ne rubutu mai zurfi. Yaron Kara-Kara bai koyi sara daga littafi ba. Abin da bai taɓa samu ba shi ne littafin da zai nuna masa kansa kafin ya yi saran.

Alamu sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A 2011 wasu almajirai a Kano, tare da Hannah Hoechner, sun shirya fim mai suna Duniya Juyi Juyi, su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, suka nuna rayuwarsu yadda suke ganin ta, da raha da wulaƙancin da suke sha da mutuncin da suke nema. A Nijar, a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kundin sake gina ƙasa na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ga kuma waya, wadda ta sa ko wanda bai iya karatun boko ba yana sauraron littafi ana karanta masa, a fada ko a tasha ko a gona. Masu sauraro suna nan, harshe yana nan, labarin kuma kullum yana hawa mota daga Dogo-Dogo da Dungas da Magarya bayan kaka.

Abin da ya rage shi ne marubucin da zai ajiye rawanin alƙali, ya bar ɗan shekara goma sha biyar ya ba da labarinsa da Hausar Damagaram, da ashar ɗinsa da addu'arsa, da kewar uwarsa da yake ɓoye wa abokai. Irin wannan littafi ba ya buƙatar karin magana a bangonsa, sunan yaron ya wadatar. Idan aka yi dace, wani yaro a wata rumfa zai ji ana karanta shi, ya ce a mayar baya kaɗan, domin wannan wurin kamar da shi ake.